Ci-ranin Damargu ya koma kan kwamfuta

Da an gama girbin gero a Gangara, sai matasa su nufi Agadas ko Libiya ci-rani. Alhali yau kamfanonin duniya na ɗaukar masu tsara manhaja aiki suna zaune a garuruwansu, kuma Indiya ta daɗe tana cin wannan kasuwa. Najeriya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku.

Mu fa? Ga Jami'ar André Salifou a Damagaram, amma yaron da bai taɓa kwamfuta a makarantar garinsu ba, a makare zai isa can. Hukumomin Tanut su fara da wutar sola, intanet da ƙwararren malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.