Agogon Babur da Haƙorin Sa: Wanne Ya Fi Gaskiya?

Duk wanda ya shiga kara ranar kasuwa a Gummi ko Nasarawar Burkullu zai ga yadda gwanin ciniki ke sayen sa. Ba ya tsayawa ga shekarun da dillali ya faɗa, sai ya buɗe bakin dabbar. Sa yana da haƙoran gaba takwas a muƙamuƙinsa na ƙasa. Yakan fara famfara wajen shekara 2, manyan haƙoran su cika tsakanin shekara 4 zuwa 5, daga nan kuma su shiga zaizayewa. Abin mamaki shi ne, mutumin nan da ba a iya cutarsa a kan sa, idan ya je sayen tsohon babur sai ya dubi fenti da lambobin agogo, ya ƙirga kuɗin amfanin gonarsa na shekara guda ya miƙa. Wannan cinikin biri a sama ne.

Ya kamata mai karatu ya san yadda agogon yake aiki. A tsofaffin babura irin su Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, da Suzuki A100 da Yamaha YB100, wata siririyar waya ce ke tasowa daga ƙafar gaba tana juya lambobin. Ƙafar takan juya fiye da sau 500 kafin a ci kilomita ɗaya. Ranar da wayar ta tsinke ƙidaya ta tsaya cik, babur kuwa bai daina tafiya ba, kuma ba kowane mai babur ne ke damuwa da sayen wata ba. Bugu da ƙari, agogo mai gurbi biyar yana kaiwa 99,999 sai ya koma sifiri. Alal misali, babur da ke yin kilomita 20 a rana, kwana 300 a shekara, har shekara 20, ya ci kilomita 120,000, amma agogonsa 20,000 zai nuna. Ba a ma zo batun wanda ya mayar da lambobin baya da gangan ba, ko wanda ya ɗauro agogon wani babur.

Ko da agogon bai yi ƙarya ba, kilomita suna ta tara. Tafiya a kan kwalta daga Anka zuwa Gummi daban take da tafiya a burji da yashi zuwa Bagega ko ƙauyukan Bukkuyum, da buhunan gero biyu a baya. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri. Idan ƙurar hunturu ta tsallake matacin iska ta gauraya da baƙin mai, sai ta riƙa goge fistan da zobbansa kamar yadda dutsen wasawa ke cin wuƙa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me tafiyar ta ci daga jikin babur?

A nan ne ilmin halittu ke da darasi. Masani ba ya yanke shekarun dabba da alama ɗaya. Yakan dubi haƙori da ƙashi da ƙaho, idan suka yi ittifaƙi sannan ya amince. Shi ma babur yana da shaidu da yawa. A dubi robar matakin ƙafa da ƙarfen taka birki, ko sun sulɓe. A dubi haƙoran da ke jan sarƙa, domin na sabo kansu a faɗaɗe yake, na tsoho kuwa sun yi tsini sun lanƙwashe. A girgiza ƙafar baya a ji ko tana wasa. A tayar da injin da sanyin safiya, domin shuɗin hayaƙi daga CG125 alama ce ta ƙonewar baƙin mai, ko da yake A100 da YB100 da ma can suna ƙona mai tare da fetur. Idan an buɗe inji, a duba kan fistan: lamba irin 0.25 ko 0.50 ko 1.00 tana nuna milimitar da aka ƙara wa faɗin silinda bayan ta cinye. Tayoyin da aka ƙera daga shekarar 2000 kuma suna ɗauke da lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Shaida ɗaya tana iya ruɗi, tun da ana sauya roba da sarƙa da araha, amma da wuya shaidu shida su haɗa baki.

Wani zai ce ai gyaran tsohon babur shi kansa share waɗannan alamu ne. Haka ne, kuma nan ne amana ta shigo. Gyara na ƙwarai daga birki da inji da wayoyin wuta yake farawa, fenti shi ne na ƙarshe. Bakaniken da ya fara da fenti ido ya gyara wa, ya bar rai cikin haɗari, domin a ƙauyukan nan babur ɗin da ke kai hatsi kasuwa shi ne ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Ya dace kowane bakanike ya ajiye kayan da ya cire ya nuna wa mai saye, ya kuma rubuta abin da ya sauya da ranar da ya sauya shi. Mai saye kuma ya gwada lambar jikin babur da ta inji da abin da ke cikin takardu, kada ya sayi kayan sata.

Malaman kimiyya na makarantun sakandare suna da ɗakin gwaji kyauta a rumfar bakaniken unguwa. Su aro tsohon fistan da sabo, ɗalibai su auna su, su faɗi wanda ya fi shan wahala da hujjarsu. Yaron da ya koyi neman shaida ta biyu kafin ya gaskata ta farko ya riƙe tushen kimiyya, kuma ranar da mahaifinsa zai sayi babur, da shi za a tafi kasuwa.