Kafin ku tara kuɗin shiga kurmi, ku fara naɗa madugu 🧵

1/
Tun jiya nake ganin wata fosta tana yawo: tafiyar kurmi zuwa Ghana, kwana 6, wai mutum 30 kacal ake nema. Mutum 30 fa, wai kacal. Na so in yi shiru, sai ƙanwata ta turo min tana tambaya ko ta biya. To bari in faɗi abin da na gani da idona. Zaren yana da tsawo, a yi haƙuri.

2/
Bara a hutun ƙarshen shekara mu 17 muka tashi, 'yan ajinmu da abokan abokai. Kano zuwa Legas, daga nan muka bi bakin teku: Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Accra. Sai Cape Coast, sai dajin Kakum. Mun je lafiya mun dawo lafiya, alhamdulillah. Amma guruf ɗinmu na WhatsApp tun a hanyar dawowa ya mutu, kuma akwai waɗanda har yau ba sa gaisawa.

3/
Daji bai yi mana komai ba, mu muka yi wa kanmu. Mun tafi babu shugaba, kowa oga. Abin da nake son faɗi ke nan: tafiyar taro zuwa kurmi in babu mutum ɗaya da in ya ce a tsaya za a tsaya, gara kowa ya zauna gida ya ci kuɗinsa.

4/
Ga waɗanda ba su san Kakum ba: gandun daji ne a yankin tsakiya na Ghana, kusan kilomita 30 arewa da Cape Coast. A 1992 aka mai da shi gandun ƙasa. Abin da ke jan mutane shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995: gadoji 7 a ɗaure daga wannan bishiya zuwa waccan, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350.

5/
A wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30 ko fi. Katakon da kake takawa faɗinsa bai wuce a jera ƙafa biyu ba, raga ta dama da hagu, kuma duk takun da wani ya yi a bayanka sai ka ji shi a gwiwarka. In ka leƙa ƙasa ma ba ƙasar kake gani ba, kan wasu bishiyoyin kake gani.

6/
Mu da muka tashi a inda kuka da rimi su ne manyan bishiyoyi, wallahi abin sai wanda ya gani. Ƙarfe 11 na rana amma ƙarƙashin itatuwan kamar bayan la'asar sakaliya. Ga wani irin zafi mai laima wanda gumi ba ya bushewa. Zafin Kano ƙona ka yake, wannan kuwa dafa ka yake a hankali.

7/
Matsala ta fara tun a boda. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90. Amma ana neman katin allurar shawara, wannan ruwan ɗorawar. An faɗa a guruf sau ɗaya, kowa ya sa 👍, ba wanda ya ce a turo hoton kati a gani. Mutum biyu ba su da shi.

8/
Rabin yini muka ɓata. Ban ga laifin kowa a bakin iyaka ba, doka ce kuma an san da ita. Laifin namu ne. Mutum 15 suna zaune a rana saboda mutum 2, su kuma biyun suna cewa ai ba wanda ya tuna musu. Gaskiya ne ma, ba wanda ya tuna musu, tunda ba aikin kowa ba ne.

9/
Sai kuɗi. Naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Duk canji akwai abin da yake zubewa. Wanda muka bai wa riƙon kuɗi mutumin kirki ne, na yarda bai ci ko sisi ba. Amma bai rubuta komai ba. Da aka zo kwana na 4 ya ce kowa ya ƙaro, sai aka fara kallon-kallo. Da me zai kare kansa? Babu takarda.

10/
Wani abin dariya da ya koma faɗa: Ghana da Togo suna bayan Najeriya da awa ɗaya. An ce gobe ƙarfe 6 mota za ta tashi zuwa Kakum. Wasu wayoyinsu sun juya da kansu, wasu ba su juya ba. Rabi suka fito tun duhu suna zage-zage, rabi suna barci. Ƙarshe dai sai wajen 9 muka bar masauki 😭

11/
Wannan lattin ya ci mu. Kurmi da sassafe yake motsi, lokacin ne tsuntsaye da birai suke fitowa. Mu mun isa rana ta take, motocin 'yan makaranta sun cika wurin. Akwai giwayen daji a Kakum, akwai birai iri-iri, amma da wuya baƙo ya ga giwa ko da ya yi shiru, balle mu.

12/
Don mu 17 ne, ɗaya da sifika a jaka tana kiɗa, uku suna bidiyo suna ihun "ga mu a Amazon". Mai rakiyar da aka haɗa mu da shi sau biyu yana roƙo a rage murya. Daga baya ya daina bayani kawai, yana tafe muna bin sa. Abin da muka gani a dajin nan: malam-buɗe-littafi da layin kwarkwasa. Kwarkwasar ma sai da ta hau ƙafar wani muka lura da ita.

13/
Yanzu ga abin da ya sa na rubuta zaren nan. Kafin ka kai gada akwai hawa, tudu ne mai matakalar duwatsu, minti 15 zuwa 20. Masu ƙarfi suka yi gaba, na baya suka zama na baya. Wata 'yar ajinmu tana da asma, ba wanda ya sani sai ƙawarta, kuma abin shaƙarta yana cikin jaka a mota.

14/
Ta zauna a kan dutse tana neman numfashi, mu na gaba ba mu ma san ana yi ba. Ƙawarta ce ta sauka da gudu har wurin ajiye motoci, direba kuma ya kulle mota ya tafi cin abinci. Allah ne ya kiyaye, abin ya lafa. Amma ku yi tunani, mutum 17, babu ko ɗaya da aka ce shi ne zai tsaya a ƙarshen layi.

15/
A kan gadar kuma wani abokinmu ya daskare. Ya riƙe igiya da hannu biyu ya rufe ido, ƙafarsa tana rawa. Maimakon a lallaɓa shi, sai wasu suka fara girgiza gadar da gangan, duk da an hana. Aka ɗauke shi bidiyo, kafin magariba yana sitatus ɗin mutum biyar.

16/
Ba ni na girgiza ba, ba ni na ɗauka ba. Amma in ka saurari bidiyon, dariyar da ta fi ƙarfi tawa ce. Shekara uku muna cin abinci kwano ɗaya da shi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, irin "ba komai" ɗin da kai ma ka san da komai.

17/
Bayan mun dawo ina ba kakana labari, sai ya tambaye ni: "Wa ye madugunku?" Na ce ai mu abokai ne, ba mu da wannan. Ya yi dariya ya ce to ba tafiya kuka yi ba, watsewa kuka yi a hanya ɗaya.

18/
Abin ya tsaya min, don hanyar nan ba mu muka fara ta ba. Fataucin Gwanja da muke ji, ƙasar Ghana ta yau ake nufi. Goro ɗan kurmi ne, a dazukan Asante yake fitowa. Fatake suna tashi daga Kano da jakuna, wata da watanni a hanya, su kai Salaga su saro shi. Galibi a nan suke tsayawa, ba su kutsa cikin kurmin.

19/
Kuma ayarin nan yana da tsari. Akwai madugu, shi ke yanke inda za a sauka, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Akwai jagaba mai wucewa gaba. Akwai uban dawaki. Kowa ya san wa zai nema in abu ya faru. Ba banza aka ce madugu uban tafiya ba.

20/
Kalmar zango ma da ake kiran unguwannin Musulmi a Accra da Kumasi daga nan ta samo asali, masaukin ayari. Shi ya sa in ka shiga Nima ka yi sallama da Hausa za a amsa maka, ka sha koko da ƙosai, ka ci waakye wadda sunanta daga wakenmu ya fito. Wannan ɓangaren tafiyar kam na more shi, ba ƙarya.

21/
Mutanen da ba su da waya ba su da Google Maps sun gane cewa taro ba ya tafiya da kansa. Mu masu digiri a hanya mun ɗauka ƙuri'ar WhatsApp ta isa. Ƙuri'a tana da amfani wajen zaɓen masauki ko ranar tashi. A tsakiyar daji mutum yana haki ba lokacin "jama'a me kuka gani?" ba ne.

22/
Na san me za a ce. "Malam yawon shaƙatawa muka zo ba sansanin NYSC ba, kuɗina na biya, wa zai ba ni oda?" Na fahimta, kuma akwai shugabannin tafiya masu ɗaga kai da za su sa ka tsani tafiyar. Shi ya sa zaɓen ake yi tun a gida, kowa ya yarda, a kuma faɗi iyakar ikonsa.

23/
A ganina ikon madugu abu uku ne: lokaci, lafiya, da cewa yau an fasa. Abin da za ka ci, kayan da za ka sa, hoto nawa za ka ɗauka, ba ruwansa. Amma in ya ce hadari ya haɗo ba za a hau gada ba, magana ta ƙare, ko da kai ka fi kowa biyan kuɗi.

24/
Kuma don Allah kada a ba wanda ya fi surutu a guruf. Kada a ba wanda ya kawo shawarar tafiyar don kawai shi ya kawo. A nemi wanda zai iya cewa a'a ga amininsa. A tafiyarmu wadda ta fi cancanta ita ce wadda ta yi gudun nan zuwa mota, amma ko a mafarki ba wanda ya kawo sunan mace.

25/
Ma'aji daban da madugu. Duk abin da aka kashe a rubuta a turo guruf kafin a kwanta, ko kuɗin ruwan leda ne. A ware wani abu na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. A kuma tafi da katin makaranta, don a Kakum kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ɗalibi kuma ana rage masa.

26/
Maganar lafiya ita ce mai wuya, don mu ba ma son faɗin ciwonmu. Asma, sikila, farfaɗiya, olsa, tsoron bisa. Ba sai an sanar a guruf ba, mutum ɗaya ya sani a asirce ya isa. Wadda ta ɓoye asmarta ban ga laifinta ba sam. Ta ga yadda muke mai da komai abin tsokana, me zai sa ta faɗa?

27/
Sai yawa. Hujjar masu neman mutum 30 ita ce araha: mota ɗaya, a raba kuɗi. Gaskiya ne kujera tana sauƙi. Amma ka tsallake ƙasa uku don ka ga kurmi, ka je kana jin muryoyin da kake ji kullum a hostel. Ni dai 8 zuwa 10 nake gani. In an fi haka a rabu biyu, kowane da mai rakiyarsa da mai tsaron baya.

28/
Mai rakiyar nan kuma ba ɗan ɗaukar muku hoto ba ne. Da muka sauko na tsaya da namu minti kaɗan, ya nuna min bishiyar da ake magani da ɓawonta, ya ce ana iya kwana a cikin dajin a fita da dare ko da asuba. Abin da ya faɗa min a tsaye ya fi duk abin da na samu a awa biyu. Da mun yi shiru da kowa ya ji.

29/
Ga 'yan'uwa mata musamman, tunda ku ake fi wahalar bari a gida: tambayar da Baba zai yi ita ce wa ke da alhakinku. In amsar ita ce "mu duka", to ya gama gane babu kowa. Suna ɗaya, lamba ɗaya, jadawalin inda za a kwana kowane dare, da wace ce za ki kwana ɗaki ɗaya da ita. In mai shirya tafiya ya kasa ba ki waɗannan, kada ki tura kuɗi.

30/
Har sallah sai da ta zama rigima a mota, wasu a tsaya yanzu, wasu ai matafiya ne a haɗa a gaba, direba yana jiran wanda zai saurara. Abin da za a gama a zama ɗaya kafin a bar Kano.

31/
Masu DM suna neman bidiyon gada, babu. Na goge nawa, na roƙi sauran su goge.

32/
Ƙanwata dai na ce ta tura wa masu fostar tambaya huɗu: wa ye shugaba, wa ke riƙe kuɗi, mutum nawa ga mai rakiya ɗaya, wa ke tafiya a baya. Tun safe an ga saƙon, shuɗin layi biyu. Amsar da ta samu zuwa yanzu ita ce lambar akawun da "saura kujera 4".