Ƙiriniya ko lalura? Yaran da suka kasa zama wuri ɗaya a ajin CI

Makonni kaɗan bayan komawa lakwal a watan Oktoba, kusan kowane malamin ajin CI ya riga ya san yaransa. Akwai masu bin allo da ido, akwai kuma ɗan nan da ba ya iya minti biyar a kan tabarma: ya fizge allon na kusa da shi, ya amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba, ya fice waje ba izini. Kafin hutun Disamba an raɗa masa suna, marar ji ko mai taurin kai. A gida uwa ta ce ta gaji, uba ya ce a ƙara masa bulala, gwaggo ta ce a kai shi wajen malam ko iska ce ta taɓa shi.

Likitoci suna da suna ga wani ɓangare na wannan hali, TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi, wato lalurar kasa tattara hankali tare da yawan motsi da aikata abu ba tunani. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kimanin yaro 5 cikin 100. Idan aka ɗauki wannan lissafi, ajin da ke da ɗalibai 80 zai iya samun huɗu. Gado yana da babban hannu a ciki, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa uwa laifin rashin tarbiyya. Amma likita ba ya yanke hukunci don yaro ya yi ƙiriniya mako guda. Sai halin ya daɗe aƙalla wata 6, ya bayyana kafin shekara 12, a gan shi a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makaranta, kuma yana cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane.

A Nijar, kafin a kai ga wannan suna, akwai jerin abubuwan da ya kamata a fara kawar da su, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Ƙididdigar abinci mai gina jiki ta ƴan shekarun nan ta nuna sama da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, a jihohin Maradi da Damagaram ma adadin ya zarce rabi. Tamowar da ta kama yaro a shekaru biyun farko tana taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda take taɓa tsayi. Ƙarancin jini yana sa kasala da rashin natsuwa. Masassarar cizon sauro da ta hau kai, wadda ke zuwa da sanƙarewa ko suma, takan bar tabo a hankalin wasu yaran ko bayan sun warke. Akwai kuma yaron da kunnensa ya daɗe yana ruwa. Wannan ba ya jin mushe ne a zahiri, amma "ba ya ji" ɗin da ake faɗa a kansa wata ma'ana ce daban.

Sai batun harshe. Yaro ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ranar farko a aji sai ya ji ana yi masa magana da Faransanci daga safe har rana. Ko babba aka zaunar awa uku ana yi masa jawabi da harshen da bai sani ba, zai fara wasa da yatsunsa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki, amma littattafai da horon malamai ba sa canzawa da sa hannu a takarda. A birane kuma wasu iyaye suna gaggawar sa yaro CI yana ɗan shekara 5 a makarantar kuɗi, don a ce ya yi sauri. An lura a ƙasashe da yawa cewa ƙananan cikin aji su ne aka fi yi wa zargin wannan lalura, alhali tazarar shekara guda ce kawai tsakaninsu da sauran.

Wurin da ya kamata yaro ya koyi zama da jiran layi kafin CI shi ne jardan, kuma yaran Nijar da ke shiga cikinsa tsiraru ne, akasari a birane. Gobarar da ta kashe yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maradi a watan Nuwamban wannan shekara wadda ta ci sama da 20, sun sa gwamnati ta hana ajiye ƴan jardan a azuzuwan zana. Matakin ya dace. Sai dai duk inda ba a gina aji na bulo ba, ma'anarsa yaro ya zauna gida har ranar da za a jefa shi cikin ɗalibai 80 kai tsaye.

A da, dandali ne ke yin wannan aiki ba tare da an kira shi makaranta ba. A langa yaro yana koyon bin doka, a wasan ɓuya yana koyon yin shiru ko da dariya ta cika masa ciki, a gaɗa yarinya tana jiran a zo kanta. Tatsuniyar kaka da dare horo ce ta saurare daga farko har ƙarshe. A gidan haya na birni, mai ƙofa a rufe da uwa ɗaya kan girki da wanki da ƴar sana'a, abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro waya ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban tele ko waya, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13. Ba a tabbatar cewa waya ce ke haddasa TDAH ba. Abin da ke a fili shi ne tana cinye lokacin barci da na hira da na wasa da sa'o'i, kuma yaron da bai yi barci ba, da safe rigima yake yi maimakon gyangyaɗi.

Wannan ya shafi ƴan cirani kai tsaye. Da yawa daga wayoyin da ke hannun yara tsaraba ce daga Libiya, Aljeriya, Abijan ko Kwatano, kuma an aiko su ne da kyakkyawar niyya. Kiran bidiyo na WhatsApp inda uba ke tambayar ɗansa me ya ci, wa ya yi wasa da shi, yana jiran amsa, hira ce ta gaske, masana ma ba sa lissafa shi da kallo. Awa uku na gajerun bidiyo bayan an kashe kiran shi ne matsalar.

Abin da ya fi ciwo ga yaron da ke da lalurar da gaske yana faruwa ne a filin wasa. Wanda ba ya iya jiran juyinsa, yana ɓata wasa, yana fushi da wuri, sai sauran su fara cewa "ba mu yi da shi". Ya rasa abokai a daidai shekarun da ake koyon zama da mutane, ga duka a gida, ga duka a aji, kuma duka ba ya ƙara wa kowa natsuwa. Ƴan mata kuma sukan ɓace wa ido gaba ɗaya. Tasu ta fi zuwa da shiru, jiki a aji hankali a wani wuri, sai a yaba musu da kunya har sakamakon jarrabawa ya fito.

Ƙwararrun da ke iya tantance irin wannan ƙalilan ne, kuma yawancinsu suna Yamai. Ga iyalin Tasawa ko Madawa, ƙofar farko ita ce likitar CSI, a duba jini da kunne da ido, a tambayi tarihin masassara da barci. A nan ma akwai giɓi: kula da lafiya kyauta da aka kafa tun 2006 ta tsaya ne ga ƴan ƙasa da shekara 5, alhali matsalar ta fi fitowa fili a CI, lokacin da yaro ya riga ya wuce wannan shekara. Magungunan TDAH suna nan a duniya, amma likita ne ke rubuta su bayan bincike, ga ƴan shekara 4 zuwa 5 ma abin da ake fara bayarwa shi ne horar da iyaye kan yadda za su tafi da yaron. Ruwan maganin da ke sa barci daga tiren mai talla ba ya cikin wannan lissafi, kuma haɗari ne.

A cikin aji, abin da ke aiki bai bukatar kasafin kuɗi. A zaunar da yaron gaba, nesa da ƙofa. A ba shi umurni ɗaya a lokaci ɗaya, a sa ya maimaita. A yaba masa nan take idan ya yi daidai, ko da ƙaramin abu ne. Tunda dai sai ya tashi, a mayar da tashin aiki: shi ne mai goge allo, shi ne mai raba alli. Malamin da ke da yara 80 da zai iya tuna duk wannan ga ɗaya daga cikinsu sai wanda aka koya wa tun a makarantar horon malamai, kuma iyaye suka zo suka zauna da shi tun kafin a raba sakamakon zangon farko.