Shok ɗin baya naka ne, na gaba na bakanike

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora ranar kasuwa ya ga yadda Sharon da Sienna ke karya kwana su nufi Tudun Wada da Doguwa: baya ya durƙushe, but a buɗe an ɗaure shi da igiya a kan buhunan shinkafa ko masara. Kamfanin Volkswagen ya fito da Sharon a 1995 don iyali mai mutum 7. Mu kuwa mun mayar da ita a-kori-kura.

Ka ce wa direba shok ɗinsa ya mutu, sai ya ce ai mota tana tafiya, fasinja ne kawai zai sha jijjiga. Wannan magana ce nake so mu ƙi amincewa da ita. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota. Shi shok, mai ne a cikinsa da ake matsawa ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, aikinsa ya hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami. Idan ya mutu, taya sai ta riƙa dukan kwalta tana tashi, tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Shi ya sa mota ke dungura gaba in an taka birki, take tangal-tangal a kwana, tayoyinta su cinye gurbi-gurbi. A tsakiyar dajin Falgore, inda garken shanu kan fito titi ba sallama, 'yan takun da birki ya ƙara kafin mota ta tsaya su ne komai.

Direbobi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur aka saki naira a 2023, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Mutumin Kiru ko Bebeji sai ya kashe wuni guda zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ya biya kuɗin kaya, ya biya bakanike, ga balas na jiransa. To a nan ne nake ganin gyaran gida yana da wuri, amma rabi kawai.

A waɗannan motoci biyu, shok ɗin baya daban yake da sifirin, noti ne sama da ƙasa. Mai sifana da jak da haƙuri zai iya canza shi a ƙofar gida da hantsi. Sharaɗi dai kada ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma kada ya tokare ta da bulon siminti, domin bulo yakan ruguje lokaci guda ba tare da ya yi ƙara ba. Kututturen katako mai kauri ya fi. A canza biyun tare, hagu da dama, a bar ɗaurin ƙarshe na notin ƙasa sai nauyin mota ya dawo kan ƙafarta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Na gaba kuwa wani abu ne daban. Can sifirin a matse yake a jikin shok, noti guda a sama ke riƙe da shi, kuma ƙarfin da ke cikinsa shi ne wanda ke ɗauke da gaban mota har da inji. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da na'urar matse sifirin ba, ko ya yi dabarar ɗaure shi da waya ko igiya, ya sa fuskarsa a bakin bindiga. Ba jarumta ba ce. Kai wa mai gyaran ƙafa da ke da na'urar, ka tsaya ka ga ya yi amfani da ita, sannan a yi saitin ƙafa, don kada sabbin tayoyi su tafi a banza.

Sai maganar abin da za a saya. Na Beljiyam caca ne, domin ya riga ya ci rabin rayuwarsa a titin Turai. In dole ne, ka matsa shi da hannu ka ja: wanda ya tafi sakayau ko yake jiƙe da mai, bar musu abinsu. Wanda aka huda aka ɗura wa mai aka fesa fenti kuwa, ko kyauta ne kada ka karɓa.

Kuma ko sabo fil ka sa, in ka ci gaba da ɗora buhu 10 a bayan motar mutum 7, kafin kaka ta zagayo za ka sake neman sifana.