Haziƙi a Ɗaki, Sojan Haya a Fili

Tun 1966, sa'ad da aka fara wasannin jami'o'i a Ibadan, sharaɗin ɗaya ne: ɗalibi ya kara da ɗalibi. Amma a gasar makarantunmu na ƙasar Haɗeja mukan ɗauko ɗan ƙwallo daga gari, mu sanya masa rigarmu, mu ci kofi. Haziƙin ajinmu kuwa mun ƙaurace masa, wai boko ya taɓa masa kai. Cutar guda ce, 'yan'uwa: muna son nasara, muna ƙyamar guminta. Ambaliyar 2022 ta cinye shinkafar fadamarmu. Wa zai yi mana nazarin kogin nan in ba wanda muka ware ba? Mu sallami sojan haya, mu jawo haziƙi cikinmu.