Wa Ya Sa Wa Albarka Farashi?

Abin da ake yi a wasu majami'unmu da sunan "shuka iri" ciniki ne tsagwaronsa. Mai wa'azi ya riƙe makirufo ya ce masu naira dubu hamsin su fito gaba, sai masu dubu ashirin, sai masu dubu biyar. Na farko a ɗora musu hannu a daɗe ana addu'a, na ƙarshe a haɗa su a yi musu ta jimla. Wanda aljihunsa ba komai yana kan benci, kai a sunkuye.

Ku fastoci masu wannan sana'a, ina kuka kai gicciye? Ai kun karanta Littafin Firistoci sura 16. Sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki da jini. Bunsuru ɗaya a yanka, ɗayan a ɗora masa laifofin jama'a a kora shi jeji. Baɗi kuma a sake, don jinin dabba bai taɓa gama aikin ba. A kan wannan ne wasiƙar Ibraniyawa ta tsaya a sura 9 da 10: da Almasihu ya ba da ransa, hadayar ta cika, ba sauran maimaici. To bashin da aka riga aka biya, wa ya aiko ku karɓar ragowa?

Mu a arewa ba sai an yi mana bayanin fansa ba. Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ya san cewa wanda ke ɗaure a daji ba shi ke biya ba. Dangi ne ke sayar da gona da shanu su haɗa kuɗin. Ranar da ya dawo kuwa, ba mai tare shi a ƙofar gida ya ce sai ya ƙara wani abu kafin ya shiga. Ku abin da kuke yi ke nan.

Kuma ba ku kuka fara ba. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya fatattake shi da kuɗin nasa. Wani mai suna Tetzel ya yi tallar takardun sassaucin hukuncin zunubi a Jamus, har Martin Luther ya tashi masa a 1517.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne labarin gwauruwa mai anini biyu, da kuke karantawa don mace ta kwance bakin zaninta ta ba da kuɗin makarantar marayunta. Ku ɗan koma baya kaɗan a Markus 12 ɗin nan. Kafin Yesu ya yabi matar, sai da ya yi tir da malaman Attaura masu cinye dukiyar gwauraye. Wannan ayar ba kwa karanta ta.

Masu bayarwa, ku ma da naku. Mutum ya danne albashin mai gadinsa wata uku, ran Lahadi ya shigo da ambulan mai kauri yana jiran Allah ya ninka masa. Baiko da zakka suna da wurinsu, majami'a na son rufi, mai bishara a ƙauye na son abinci. Amma ka fara biyan mai gadin nan tukuna.

Dattawan ikilisiya kuma, kuna zaune a gaba ana wannan gwanjo, kuna cewa amin. Wa kuke jira ya karɓe makirufon?