Makaɗin hannu ba cikon benci ba ne

Duk wanda ya saba kallon manyan ƙungiyoyin kiɗan zamani, a Legas ne ko a Landan ko a New York, ya san yadda ake raba wuri a kan dandamali. Mai gangunan zamani, wato mutumin nan da ke zaune kan kujera da gula biyu a hannu, ganguna da fayafayan tagulla sun kewaye shi, ƙafafunsa a kan feda, shi ake ɗorawa a tsakiya, fitilu na haska shi. Makaɗin hannu kuwa, mai konga ko jembe ko tabla, can gefe ake raɓa shi. Idan kuɗin tafiya ya gaza shi ake fara sallama. Idan an zo haɗa sauti a situdiyo, muryar gangarsa ake fara ragewa. Sau da yawa kuma sunansa ne na ƙarshe a bangon faifai, in ma an rubuta. A ganina wannan tsari kuskure ne babba, domin tarihin kiɗan bai goyi bayansa ba, kunnen mai sauraro ma bai goya ba. Makaɗin hannu abokin aiki ne mai daraja ɗaya da na kan kujera, kuma a wurare da dama shi ne malaminsa.

Mu fara da asalin gangunan zamanin. Ba neman daɗin sauti ne ya haife su ba tun farko, neman sauƙin kuɗi da ƙarancin wuri ne. A badujalar soja ta ƙarni na 19, babbar ganga da mai ita, ƙaramar ganga mai zuga da nata mai ita, fayafayan tagulla ma akwai mai riƙe su. Da kiɗa ya shiga gidajen rawa da na wasan kwaikwayo a Amurka, masu gidajen suka ga babu dalilin biyan mutum uku idan ɗaya zai iya. A 1909 William Ludwig da ɗan'uwansa suka fitar da fedar da ta karɓu a birnin Chicago, wadda ta ba ƙafa damar buga babbar ganga da sauri, hannuwa suka samu sukunin yin wani aikin. Daga nan aka yi ta ƙara kaya har abin ya kai kamannin da muka sani yau. Ashe tun ranar farko gangunan zamani taron makaɗa ne da aka dunƙule a jikin mutum ɗaya. Abin da aka dunƙule kuwa dole wani sashe nasa ya zube, kuma abin da ya fi zubewa shi ne zancen da ke gudana tsakanin makaɗi da makaɗi, wannan ya faɗa wancan ya amsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa kiɗan baƙaƙen Amurka ya taso da gula maimakon tafin hannu. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, mahukuntan Carolina ta Kudu suka kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi mallakar ganga, don tsoron kada su kira junansu da ita. A New Orleans ne aka ɗan sassauta, inda bayi ke taruwa ranar Lahadi a dandalin Congo Square suna kiɗa da rawa. A Kuba da Haiti da Brazil kuwa gangar hannu ba ta taɓa yin shiru ba, ta rayu a bukukuwa da wuraren bauta da unguwannin talakawa. Saboda haka rashin gangar hannu a farkon jaz ba zaɓi ne na gwaninta ba, tabon bauta ne. Da ta dawo kuwa, sai da ta girgiza gidan. A 1947 Mario Bauzá ya haɗa Dizzy Gillespie da Chano Pozo, makaɗin konga daga Habana, suka hau dandamalin Carnegie Hall, suka kuma yi "Manteca" tare. Pozo bai daɗe ba, an kashe shi a Harlem a ƙarshen 1948, amma a wannan ɗan lokaci ya tilasta wa masu gangunan zamani na ƙungiyar Gillespie su sake koyon zama da lokaci, domin tafiyar kiɗansa ba irin wadda suka saba ba ce. Reshen jaz mai jinin Kuba a wannan haɗuwa ya yi ƙarfi, kuma har yau yana nan.

Manyan masu gangunan zamani sun fi kowa sanin wannan bashi. Art Blakey ya tara makaɗan hannu na Kuba da Puerto Rico a faifansa na 1957, sannan a 1962 ya yi The African Beat da Solomon Ilori, ɗan Nijeriya. Buddy Rich, wanda ba a san shi da ƙasƙantar da kai ba, ya zauna ya yi faifai da Alla Rakha, sarkin tabla na Indiya, a 1968. Mickey Hart na ƙungiyar Grateful Dead ɗalibin Alla Rakha ne, kuma faifan Planet Drum da ya fitar a 1991 tare da Zakir Hussain da Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju shi ne na farko da ya ci kyautar Grammy a rukunin kiɗan duniya. Olatunji ɗin nan shi ne mai Drums of Passion, faifan da Santana ya ɗauko "Jingo" daga cikinsa a 1969. Duk wanda ya cire konga daga kiɗan Santana, ko daga What's Going On na Marvin Gaye, zai ji abin da ya rage tamkar miya ba gishiri. Abin takaicin shi ne, makaɗan kamfanin Motown sun shafe shekaru suna buga waƙoƙin da suka cika duniya ba a rubuta sunayensu a bangon faifai, sai a wannan faifan na Gaye na 1971 aka fara.

Mai ja da wannan ra'ayi zai kawo Tony Allen, kuma hujja ce mai nauyi. Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940 ya rasu a Paris a 2020, ya yi aiki da Fela daga 1964 zuwa 1979, kuma an shaide shi da cewa gaɓoɓinsa huɗu kowacce tafiyarta daban, har mai sauraro ya zaci makaɗa huɗu ne. Idan mutum ɗaya zai iya haka, me za a yi da sauran? Amsar tana cikin kiɗan Africa 70, ƙungiyar Fela. A saurara da kyau, za a ji shekere yana tafiya ba fashi, ana buga ɗan itace da tsari ɗaya tun daga farko har ƙarshe, konga suna zagaye a tsakani. Waɗannan ne suka riƙe lokaci. Da yake sun riƙe, sai Allen ya samu 'yancin yawo, ya jinkirta bugu nan, ya sako shi can inda ba a zata ba, ba tare da rawa ta watse ba. Da shi kaɗai aka bari da nauyin lokaci, da dole ya taƙaita. Gwanintar da ake yabonsa da ita a kan kafaɗar makaɗan hannu ta tsaya, kuma shi kansa ya sha ambaton Guy Warren na Gana, wanda ya shigar da salon gangunan gargajiya cikin na zamani, a jerin waɗanda ya koya daga gare su.

Wata hujjar da ake yawan ji ita ce gangunan zamani sun fi wuyar koyo, tunda akwai raba hankali gida huɗu, alhali gangar hannu kowa na iya dukanta. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa gwadawa ba. Gula tana ba ka sauti kyauta: yaro ya ɗauka ya doka, ƙarar da za ta fito ba ta da nisa da ta gwani, bambancin yana wajen tsari da lokaci. Fata da tafin hannu ba haka suke ba. A konga kaɗai akwai bugu buɗaɗɗe, akwai na dannewa, akwai na tsakiyar tafi mai zurfi, akwai mari mai kaifi wanda ɗalibi kan yi wata da watanni kafin ya fito masa da tsabta, hannunsa na kumbura yana yin kanta. Mai tabla yana haddace bugun da baki kafin ya taɓa fata, kowane sauti da sunansa, kuma yana danna gindin tafinsa a kan babbar gangar don muryarta ta hau ko ta sauka. Mu a ƙasar Hausa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kotso da yatsu ake kaɗa shi, an liƙa masa nake a tsakiyar fata don ya gyara murya, dabarar da ta yi kama da baƙin tabon da ke tsakiyar tabla. Wanda ya saurari amshin kotsannin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo ko na Sa'idu Faru ya san cewa ganga tana furta magana, tana bin hawa da saukar harshe. Kalangu ma, ko da yake da gula ake buga shi, ransa yana wajen matsa tsarkiya da sassauta ta. Gangunan zamani an ɗaure kowace a kan murya ɗaya kafin a fara wasa, a nan za ta tsaya har a tashi. Suna da abin da suka fi kowa, amma lanƙwasa murya ba ya ciki.

Akwai hujjoji biyu da na yarda suna da gaskiya a cikinsu. Ta farko ƙara ce. A filin wasa mai ɗaukar dubban mutane, da gita mai lantarki da manyan lasifikoki, babbar ganga ta ƙafa da ƙaramar mai zuga su ne ke ratsa hayaniya su isa ƙirjin na baya. Wasu nau'o'in kiɗa an gina su a kan wannan nauyi, kuma cusa musu konga dole ba zai ƙara musu komai ba. Amma wannan hujja ce ta dacewa, ba ta daraja ba, kuma tun da aka samu makirufo mai kyau ƙarancin ƙara ya daina zama uzuri. Sarki Sunny Ade ya zagaya Turai da Amurka bayan faifansa na 1982 da gangunan Yarbawa masu magana a gaba, gangunan zamani na biye da su, filaye suka cika. Ta biyu kuɗi ne: ƙungiya ƙarama ba ta iya ciyar da baki da yawa. Gaskiya ne. Sai dai masu gangunan zamani su lura da inda wannan lissafi ya kai su. Lissafin da ya kori mutum biyu ya bar ɗaya a farkon ƙarni na 20, shi ne ya dawo a 1980 da na'urar Roland TR-808 da 'yan'uwanta, ya kori ɗayan ma daga situdiyo da yawa. Abin lura kuma, bugun da na'ura ta fi saurin kwaikwaya shi ne na gangunan zamani, saboda muryoyinsu tsayayyu ne. Hannu a kan fata, da yake ba ya maimaita sauti ɗaya sau biyu daidai wa daida, ya fi ba ta wahala. Shi ya sa masu haɗa kiɗa da kwamfuta suka sha kiran makaɗin hannu ya zo ya zuba wa aikin rai bayan na'ura ta gama nata.

A wajenmu matsalar ta ɗauki wani salo. Gangunan zamani ba su taɓa yin sarauta a waƙar Hausa ba. An fi ganinsu a badujalar soja da ta 'yan sanda, da coci-coci, da otal-otal. Abin da ya ture makaɗin hannu a nan fiyano ce. A situdiyon Kano da Kaduna da Jos mutum ɗaya ne ke zaune gaban madannai yana fitar da kwaikwayon kalangu da ganga, mawaƙi ya ɗora murya, a gama waƙa cikin yini. An samu sauƙi da arha, kuma an samu waƙoƙi masu daɗi, ba na musun haka. Amma a kwatanta kalangun da ke bayan Shata, wanda ke jiran numfashinsa, ya ba shi hanya, ya tsokane shi, ya rufe masa baiti, da kalangun fiyano mai zagaye ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ƙari a kan haka akwai tsohon kallon da al'umma ke yi wa makaɗi a matsayin maroƙi, wanda ya sa ɗan gidan kiɗa da ya yi boko yakan guji kotson ubansa, alhali ba ya jin kunyar a gan shi da fiyano ko gita. Fadar da ta naɗa Salihu Jankiɗi sarautar taushi ta san darajar hannu. Kasuwar waƙa ta yau ba ta nuna ta sani ba, kuma gwanayen da suka rage tsufa suke yi.

Gyaran ba ya buƙatar wata doka. Makarantun kiɗa da sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'inmu su wajabta wa duk mai koyon gangunan zamani ya yi zango a kan gangar hannu, a gaban makaɗin da ya gaje ta, kuma a biya malamin kamar yadda ake biyan kowane malami. Mai haɗa sauti ya ba gangar hannu makirufonta, ya yanke shawarar inda za ta zauna tun kafin a fara ɗauka, maimakon a liƙa ta a ƙarshe. Idan da mai kujera da mai hannu za su yi wasa tare, su raba aiki tun a wajen gwaji, wannan ya bar wa wancan gurbi, domin mafi yawan abin da ake kira cunkoso a kiɗa yana faruwa ne idan mai kujera ya cike kowane sarari da gularsa. Mawaƙin da ya kira mai kalangu ko mai kotso situdiyo ya rubuta sunansa a jikin waƙar, a YouTube da duk inda aka saka ta, ya kuma biya shi kuɗin aiki da aka yi ciniki a kansa tun farko, ba abin da ya sawwaƙa bayan an tashi ba.